Ina ya kamata mu zuba kuɗin tallan jami'a: rediyo, Facebook ko allon kan titi?

Ummu_Haidar:

Slm 'yan uwa, barkanmu da warhaka. Dan Allah masu aiki a sashen yaɗa labarai ko hulɗa da jama'a na manyan makarantu, jami'a ko poli ko kwalejin ilimi, ku zo ku ba ni shawara don wlh kaina ya ɗau zafi. Ina aiki a wata jami'a mai zaman kanta nan arewa maso yamma, sabuwa ce ko rukunin farko ba mu yaye ba tukuna. Ni aikin jarida na karanta, da aka ɗauke ni cewa aka yi zan riƙa rubuta sanarwa da ɗaukar hoto in ana taro, to yanzu zance ya canja, an kira ni ofis an ce ɗaliban da suka yi rajista bara ba su kai yadda aka sa rai ba, wai rashin talla ne ya jawo, don haka bana ni ce zan kawo ɗalibai. An ware kuɗi amma ba wasu masu yawa ba ne, in na yi wasa abu ɗaya zai cinye su.

Matsalar kuma kowa da inda ya ja. Shugaban makaranta yana son manyan alluna a shatale-talen gari da hotonsa da na mai makarantar, rijistara ya ce a sayi shafi guda a jaridar Turanci don a san muna nan, ma'aji ya ce a buga fosta da ƙananan takardu a raba a cibiyoyin CBT lokacin JAMB ya fi araha, yaron da ke kula mana da kwamfuta kuma cewa yake duk ɓata kuɗi ne a nemo 'yan TikTok biyu masu mabiya a biya su su zo su zaga makaranta shikenan. Ni kuma zuciyata ta fi kwanciya da rediyo amma ba ni da hujjar da zan kare kaina a gabansu.

To ina ya kamata a fi ba ƙarfi, kuma a wane lokaci na shekara? Sannan ta yaya zan gane wanne ne ya yi aiki don kar a ƙare a ce ban yi komai ba? Akwai kuma wata da ta fi damuna, muna da kwas na jinya da muka nema ana jiran amincewa har yanzu, an ce in saka shi a cikin tallan tunda shi mutane suka fi tambaya kuma ai kafin a fara karatu takarda za ta fito. Yin hakan akwai matsala? Na gode, Allah ya bar zumunci.

Tsohon_Kakaki:

Wa alaikumus salam Hajiya. Bari in fara da ta ƙarshen don ita ce mai haɗari. Kar ki saka. Ko da wasa kar ki saka kwas ɗin nan a fosta ko rediyo sai takarda ta zo hannu kin gan ta da idonki. Kwas irin jinya ba amincewa ɗaya yake buƙata ba, NUC, wato hukumar kula da jami'o'i ta ƙasa, za ta zo ta duba malamai da kayan aiki kafin ta ce a fara, sannan majalisar da ke kula da aikin jinya da ungozoma ita ma tana da nata tantancewar da adadin ɗaliban da za ta yarda a ɗauka. Haka likitanci yake da MDCN, injiniya da COREN, lauya da Council of Legal Education. In kuka ɗauki yara takarda ta ƙi fitowa ko ta fito da adadi kaɗan, ranar da iyaye za su cika bakin get ba mai makaranta za su nema ba, wanda muryarsa ta fita a rediyo da wanda sunansa ke ƙasan sanarwa za su nema, ke ce kenan. In sun matsa miki ki ce a rubuto miki umarnin a takarda da sa hannu, za ki ga kowa ya fara duba agogo.

Ni na daɗe a wannan aiki amma a makarantar gwamnati, kuma gaskiya aikinmu da naku ba iri ɗaya ba ne. Mu ba ma neman ɗalibi, ɗalibai ne suka yi mana yawa, ki duba ABU ko BUK ko UDUS ko Unimaid, masu nema sun ninka gurbin da ake da shi nesa ba kusa ba. Namu aikin shi ne ƙaryata jerin sunayen admishan na bogi da ke yawo a WhatsApp, da bayani in an ƙara kuɗin rajista, da lallashin jama'a in an tafi yajin aiki. Ku kuwa sai kun shawo kan mutum ya cire kuɗi masu nauyi daga aljihunsa alhali ga ta gwamnati nan mai sauƙi, kuma ga NELFUND da aka fara a 2024 tana ba ɗaliban makarantun gwamnati bashin karatu, naku ba sa ciki. To ki fara da tambayar wa ke biyan kuɗin. Yaro ɗan shekara 17 ba shi ke biya ba, uba ne ko yaya ko kawu, wani lokacin uwa ce ta sayar da fili ko ta ɗebi adashi. Shi wannan mutumin abin da ke ransa kaɗan ne kuma kullum su ne dai: NUC ta san da ku? yarona zai je bautar ƙasa? nawa ne kuɗin gaba ɗaya har da ɗakin kwana? 'yata a ina za ta kwana kuma wa ke kula da su? shekara huɗu ɗin huɗu ce ko za ta koma shida? Duk tallan da bai amsa waɗannan ba ado ne kawai.

Kuma ki sani mutanenmu sun tsorata da dalili. Tun da ɗan jaridar Daily Nigerian ɗin nan Umar Audu ya fallasa a ƙarshen 2023 yadda ya samo digiri daga Kwatano ta ƙasar Benin cikin mako shida har ya shiga bautar ƙasa da shi, gwamnati kuma ta dakatar da tantance takardun Benin da Togo a farkon 2024, duk uban da ya ji sunan sabuwar jami'a sai ya ɗaga gira. Mutane da yawa sun yi asarar kuɗi da shekarun 'ya'yansu a irin waɗancan wuraren. Saboda haka babban jarinku shi ne ku nuna takarda. Ki sa lasisin NUC a shafinku, ki jera kwas ɗaya bayan ɗaya da matsayin kowanne, ki faɗa wa mutane su je shafin NUC da kansu su duba sunanku, su duba kundin JAMB su ga kuna ciki. Ki tabbatar adireshinku na intanet mai .edu.ng ne, ba a riƙa amsa wa iyaye da Gmail ba. Ki kuma bayyana cewa duk admishan ɗinku ta CAPS yake bi, tsarin ba da admishan ta intanet da JAMB ta kawo tun 2017, domin yaron da aka ɗauka ta bayan fage sunansa ba zai hau jerin JAMB ba kuma zai sha wahala lokacin bautar ƙasa.

Batun lokaci kuwa, ma'ajinku ya yi rabin gaskiya. Lokacin cike fom a farkon shekara yawancin yara jami'ar gwamnati za su sa a zaɓin farko ko me kika ce musu, kowa na ganin zai samu likitanci. Kasuwarku tana buɗewa ne bayan sakamako ya fito da kuma bayan manyan jami'o'i sun fara sakin sunaye. A sakamakon farko na 2025 cikin sama da miliyan 1.9 da suka zauna jarrabawar UTME ta JAMB sama da miliyan 1.5 ba su kai maki 200 ba, kuma mafi ƙarancin makin shiga jami'a da aka tsayar a shekarar 150 ne. Ga yara nan jibge masu makin da ya isa amma ba za su samu kwas ɗin da suke so a ta gwamnati ba. A wannan lokacin ne uba ke zaune yana lissafin ko yaro ya sake zaman shekara a gida ko a nemi wata hanya, nan ne ya kamata ya ji muryarku, kuma a faɗa masa dalla-dalla yadda ake canjin makaranta a cibiyar CBT. In kika ƙone kuɗin tun Janairu, lokacin da ake buƙatarki ba ki da ko na kati.

Kar kuma ki manta da zancen yajin aiki. Na 2022 wata takwas ya ɗauka daga Fabrairu zuwa Oktoba, na 2020 ma ya kai wajen wata tara, iyaye ba su manta ba. Ba sai kin zagi kowa ba, ki buga kalandar karatunku ta shekara ki nuna ranar shiga da ranar fita, ku kuma cika ta.

Maman_Ikram:

Ni ba ma'aikaciyar jami'a ba ce uwa ce, amma bari in faɗa miki abin da na gani da nake nema wa 'yata makaranta, ƙila ya yi miki amfani 'yar uwa. Wata makaranta da ba zan kama suna ba, allonsu ya cika gari, ga lambobin waya har uku a jiki. Ta farko a kashe, ta biyu tana ta ringin ba a ɗauka, ta uku wani ya ɗauka ina jin ƙarar kasuwa a bayansa ya ce wai shi ya bar aiki a wurin tuntuni. Na tura saƙo a Facebook ɗinsu aka bar ni da alamar an gani. Daga ƙarshe muka shiga mota ni da babanta muka je, mai gadi ya ce mai ba da bayani ya fita sallah, muka zauna a benci har la'asar. Da ya zo na ce nawa ne kuɗin, ya faɗi wani adadi, na ce har da komai? ya ce eh to, ban da kuɗin karɓar admishan, ban da ɗakin kwana, ban da na asibiti, ban da na ɗakin gwaji, ban da na katin shaida. Babanta ya ciro biro ya tara a bayan takardar da suka ba mu, abin ya tashi kusan ninki ɗaya da rabi na wanda suka rubuta a allo. Bai ce komai ba ya ninke takardar ya sa a aljihu, muna fita ya ce ko kyauta ne 'yarsa ba za ta zo nan ba.

Inda muka kai ta daga baya wlh ba su da allo ko ɗaya da na gani, wata maƙwabciyarmu ce da 'yarta ke can ta ba ni labari a gidan suna. Da muka je wata mata ta ɗauke mu ta zaga da mu har cikin ɗakin kwanan 'yan mata, na leƙa banɗaki na murɗa famfo na ga ruwa na zuwa, na ga matar da ke kwana da su, aka ba mu takarda ɗaya mai ɗauke da duk kuɗin har da yadda za a biya kashi biyu. Gani ya kori ji. Don haka ni a ganina kafin ki biya kowa ki sayi waya ɗaya ki ba mutum mai haƙuri da ya iya Hausa da Turanci ya riƙa ɗauka har Asabar da Lahadi. Sannan dan Allah ku daina sa hoton Turawa da gine-ginen ƙasar waje a fosta, muna ganewa fa, mutum ya zo ya ga gini biyu da fili sai ya ji kamar an raina masa hankali.

Abba_Dijital:

Baba Tsohon_Kakaki ka yi magana ranka ya daɗe amma ina da ja a wuri ɗaya, cewa uba ne ke biya gaskiya ne amma yanzu fa yara ne ke kawo sunan makarantar gida. Yarinya ce za ta ga bidiyo a wayarta ta nuna wa mamanta, mama ta kai wa baba da daddare, shi kuma sai ya yi nasa binciken. In ba ku cikin wayar yaran to ko jerin waɗanda za a yi shawara a kansu ba ku shiga ba. Don haka Aunty kar ki yar da soshiyal midiya, gyara yadda za a yi ta za ki yi.

Ni aikina kenan ina riƙe wa ƙananan kamfanoni da makarantu shafukansu. Shawarar kawo 'yan TikTok ban goyi baya ba, masu kallon nan nasu dariya suka zo yi, za ki ga dubban ɗaruruwa sun kalla amma ko mutum goma ba za su kira ba, kuma gobe in ɗan TikTok ɗin ya yi wata tabargaza aka kai shi gaban Hisbah ko kotu sunan makarantarku na manne da shi, iyayen da kike nema kuwa su ne suka fi kowa ƙyamar wannan. Ɗalibanku na yanzu sun fi su amfani. Ki samu guda uku ko huɗu masu natsuwa, mace da namiji, su ɗauki gajeren bidiyo da waya, ga ajinmu ga ɗakin gwaji ga inda muke cin abinci ga masallaci, da Hausa wani da Turanci, ba sai an sa musu kiɗa da jirgin ɗaukar hoto ba don da an ga ya cika sheƙi sai a ce shiri ne. Amma ki karɓi izininsu a rubuce musamman mata, akwai dokar kare bayanan mutane ta 2023, kuma ko ba doka wani uban ba zai ji daɗin ganin 'yarsa a talla bai sani ba. Haka nan kar ki yarda da masu zuwa su ce za su sayar miki da lambobin 'yan JAMB ki tura musu saƙo, rigima ce.

Facebook har yanzu shi ne na manya a arewa, kuma kyansa za ki iya cewa tallan nan mutanen Kano da Katsina da Jigawa kawai nake so su gani, masu shekara kaza zuwa kaza, ki sa maɓallin da in an danna zai kai mutum WhatsApp ɗin makaranta kai tsaye. Ki fara da kuɗi kaɗan ki gwada saƙo biyu, ɗaya kan kuɗi da biya kashi-kashi ɗaya kan amincewar NUC, ki ga wanda ya fi kawo masu tambaya sai ki ƙara masa. Kar ki sayi mabiya, kar kuma ki kai wa shugabanku rahoton yawan layik, layik ba ya biyan kuɗin makaranta.

Tambayarki ta yadda za ki gane wanne ya yi aiki, mai sauƙi ce amma kusan ba mai yi. A fom ɗin neman shiga ki sa layi ɗaya: a ina ka fara jin labarinmu? rediyo, Facebook, allo, ɗalibinmu, malamin sakandare, wani daban. Mai ɗaukar waya ma ya riƙa tambaya yana rubutawa a littafi. In da hali lambar da za ki sa a rediyo daban da ta fosta. Ƙarshen shekara ki ɗauki littafin nan ki shiga da shi mitin, ba wanda zai yi miki gardama da ra'ayi. Kuma zan iya rantsewa "ɗalibinmu" da "ɗan uwa" ne za su zo na ɗaya.

Na_Bakin_Makirfo:

Hajiya zuciyarki ba ta yaudare ki ba, rediyo na nan da ransa musamman wurin masu biyan kuɗin, ɗan kasuwa a rumfa da direba da ma'aikaci a mota da uwar gida a kicin. Ni a gidan rediyo nake sashen kasuwanci. Kuskuren da makarantu ke yi shi ne su kawo jingil na daƙiƙa sittin da Turanci cike da manyan kalmomi, a watsa shi da tsakar rana lokacin da ya fi araha, su ce rediyo ba ya aiki. In kuɗinki kaɗan ne gara ki sayi lokaci kusa da labaran safe ko na yamma ko kusa da shirin da gari ke jira, a Kano misali kowa ya san yadda ake kasa kunne lokacin Inda Ranka a Freedom, ko da sau ɗaya ne a rana ya fi sau biyar a lokacin da ba kowa. Wanda ya fi jingil ma shi ne shiri na minti talatin kai tsaye a buɗe layi, ki zo da jami'in admishan da wata malama mace, mutane su kira su yi tambaya a amsa. Amma fa ki zo da wanda ya san amsa, don masu kira ba sa ragawa, za a tambaye shi kuɗi a iska kuma in ya fara kame-kame gari ya ji.

Hausar ma a kula, kar a ɗauko Turanci a juya shi kalma da kalma, ki ba wanda ya iya rubutun rediyo ya rubuta daga farko. Lambar waya a maimaita sau biyu a hankali. Sannan a doka talla sai ARCON, hukumar kula da harkar talla ta ƙasa, ta tantance kafin a watsa, ita ce tsohuwar APCON da aka canja a 2022, kuma abin da Maman_Ikram ta faɗa na hoton Turawa ma tun Oktoban 2022 hukumar ta hana amfani da 'yan ƙasar waje a tallan da ake yi wa 'yan Najeriya, fuska ko murya. Wannan ma hujja ce da za ki riƙe kan kwas ɗin da bai samu amincewa ba.

Dr_Alli_da_Allo:

Ni malami ne kuma in faɗi gaskiya kalmar nan ta "kawo ɗalibai" tana ɓata min rai, kamar ana maganar kwastoma a shagon atamfa. Wanda ya ce rashin talla ne ya hana ɗalibai zuwa ya fara tambayar waɗanda ke ciki ko suna jin daɗi. In sakamakon jarrabawa na wata uku bai fito ba, in malamai aro ne daga jami'ar gwamnati suna zuwa ranar Asabar kawai su haɗa lakcar wata guda a yini ɗaya, in janareta ba ya tashi da dare, duk wannan yana cikin guruf ɗin WhatsApp na ɗalibai kuma daga can yake wucewa gidajensu. Hausawa sun ce in kana da kyau ka ƙara da wanka, amma ai sai da kyan tukuna.

Sai zancen jerin gwanaye da kowa ke bugawa yanzu, wai mu ne na ɗaya a arewa, mu ne na kaza a Afirka. A riƙa faɗin wane jeri ne kuma me ya auna. Webometrics daga Sifen yake kuma ya fi karkata ga yadda jami'a ta bayyana a intanet da yadda ake ambaton bincikenta, Times Higher Education na Ingila nasa ma'aunin daban, ba ɗaya ba ne da ingancin koyarwa a aji. Akwai kuma lambobin yabo da ake sayarwa a otal a Abuja, a biya kuɗin tebur a dawo da gilashi a rataye, wannan kowa ya gane shi.

Abin da nake so ofis irin naki ya yi wanda ba a yi shi ne fito da aikin malamai. Wani na bincike kan irin gero ko cutar koda ko ruwan rijiyoyin unguwa, ba wanda ya sani sai mujallar da mutum goma ke karantawa. Ki zauna da shi ki mayar da abin Hausar da manomi zai gane, ki kai shi rediyo a matsayin masani ba mai talla ba, kyauta ma za su karɓe shi. BUK da ABU suna da gidajen rediyonsu a cikin makaranta, ku da ba ku da shi sai ku yi amfani da na gari. Sunan da makaranta ke samu ta nan ya fi daɗewa.

Dan_Katsinan_Maradi:

Sannunku. Tunda kuna arewa maso yamma kar ku manta da mu nan ƙetaren iyaka, akwai iyaye a Maradi da Damagaram da Tawa masu son 'ya'yansu su yi karatu da Ingilishi, kuma zirga-zirgar ta daɗe ta kowane ɓangare, 'yan Najeriya da yawa sun yi karatu a jami'ar Maryam Abacha ta nan Maradi kafin a buɗe ta Kano. Amma in za ku yi mana magana ku faɗi abin da ya shafe mu, mai BAC, wato takardar gama sakandare ta Nijar, ta wace hanya zai shiga, akwai shekarar koyon Ingilishi ko babu, kuɗin nawa ne da sefa, takardar za ta karɓu in ya dawo gida. Hausa ta isa a rediyo amma takardar bayani a yi ta da Faransanci ma saboda a nan da shi aka yi boko.

Ummu_Haidar:

Kai jama'a na gode ƙwarai Allah ya saka da alheri, na kwafe duka. Maman_Ikram maganarki ta sa na je na gwada lambobin da ke tsohuwar fostarmu, ɗaya tana hannun wani da aka mayar wani sashe, zan karɓo ta gobe in sha Allah. Dr ka yi haƙuri da kalmar, haka aka faɗa min ne na kawo ta. Yanzu abin da ya rage min shi ne allon nan, don na san shugaba ba zai haƙura da shi ba kuma shi kaɗai zai iya cin fiye da rabin kuɗin. Baba Tsohon_Kakaki ya kuke yi da irin wannan?

Tsohon_Kakaki:

Hhh Hajiya wannan ciwon duk mun sha shi. Kar ki ce masa a'a a gaban mutane, ba za ki ci ba. Ki shiga da lissafi a takarda ɗaya, ga kuɗin allo uku na wata uku har da bugawa da harajin hukumar talla ta jiha, ga abin da kuɗin nan zai saya na rediyo da Facebook da ranar buɗe ƙofa ga iyaye da ziyarar makarantun sakandare. Sai ki ba shi allo ɗaya, a kan hanyar da ta nufi makarantar inda zai yi aikin nuna hanya ma, sunan makaranta babba, lambar waya babba, kwasa-kwasan da ke da takarda kawai. Hotonsa kuma ki nema masa wani wurin da zai fi jin daɗi, shi za ki kai shirin rediyon farko ya yi bayani da bakinsa, ki kuma sa a yi hira da shi a jarida, shugabanni na son wannan fiye da allo in aka iya gabatar musu da shi.

Ziyarar sakandare kar ki raina ta, shugabannin makarantu da malaman da ke cike wa yara fom na WAEC da NECO da JAMB su iyaye ke tambaya, haka masu Islamiyyu manya. Amma ban da ba su kamasho kan kowane yaro, in aka fara wannan ba a dainawa kuma zance yana fita.

Sai abu ɗaya da zan roƙa miki tun yanzu da ake buƙatarki, ki nemi a riƙa sa ki a zaman da ake yanke hukunci, musamman ƙarin kuɗi ko ɗage jarrabawa ko in wani abu ya faru a ɗakin kwana, ba a gama a miƙo miki takarda a ce ki watsa ba. Ki duba abin da ya faru da JAMB a Mayun 2025 da aka samu tangarɗar na'ura, shugabanta na lokacin Farfesa Ishaq Oloyede ya fito gaban 'yan jarida ya amsa laifi har da hawaye aka sake wa kusan yara 380,000 jarrabawa a Legas da kudu maso gabas, an yi ta suka amma da shiru suka yi ko suka musa da abin ya fi haka muni. Ku ma ranarku za ta zo, ki tanadi wanda zai yi magana da lambobin 'yan jaridar garinku tun kafin ta zo. Kuma in ba ki yi rajista da NIPR, cibiyar masu aikin hulɗa da jama'a ta ƙasa, ba ki yi, doka ce tun 1990 ga mai wannan aiki, reshen jiharku ma za ki haɗu da na sauran makarantu ku riƙa musayar farashin gidajen rediyo don kar a yi miki tsada.

Abba_Dijital:

Aunty in kin karɓo layin ki mayar da shi WhatsApp Business ki sa jadawalin kuɗin da jerin kwas a ciki yadda da an yi sallama za a tura, kuma wayar ta zama ta ofis ba ta mutum ba. In kin haɗa bidiyon farko ki ɗora mana nan mu duba kafin ki sa masa kuɗi.